Daga Daura zuwa Zanzibar: me ake fara shiryawa?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni ma'aikaci ne a Daura. Shekara uku ke nan ina tara kuɗi don in kai maiɗakina wani wuri mu huta, ita kuma burinta ta ga teku da idonta. Mun tsayar da Zanzibar. Hutuna na shekara zai faɗo a Afrilu, ga shi yanzu muna tsakiyar Fabrairu. Na taɓa zuwa Umara sau ɗaya, ita kuwa ba ta taɓa wuce Kano ba. Wani abokina ya ce in yi maza in yanki tikiti kafin ya ƙara tsada, biza kuma a filin jirgi ake bugawa. Me zan fara shiryawa, me kuma zan kiyaye?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya ƙara danƙon zumunci tsakaninka da iyalinka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: wane mataki ne ke gaba da wane, sannan mene ne zai iya ɓata muku tafiyar bayan kun sauka. Na daɗe ina harkar tikiti da biza a nan Katsina, yawanci ta masu Hajji da Umara, amma na shirya wa mutanenmu da dama tafiya wannan tsibiri, ni ma na taka ƙafata can. Kafin komai: kada ka yanki tikitin nan tukuna, kuma idan da hali ka ɗaga hutun daga Afrilu.

Maganar biza

Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ya ji ba namu ba ne. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilu, 1964. Tana da shugabanta da majalisarta, amma bizar Tanzaniya ake shiga da ita. Bature daga Ingila ko Jamus yana iya sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume, ya biya, a buga masa nan take. Mai fasfon Najeriya ba haka ba ne. Muna cikin jerin ƙasashen da sai an miƙa takardunsu ga shugabannin hukumar shige da fice ta ƙasar, sun duba sun amince, sannan biza ta fito. Ana cike fom ta intanet, a ɗora hoton fasfo da na fuska da bayanin masauki, a biya, sai jira. Su da kansu suna ba da shawarar a nema da tazarar kamar wata biyu, kuma kada a kashe kuɗin tikiti kafin amsa ta zo. Ka ƙirga daga tsakiyar Fabrairu ka gani: ko yau ka cike, kana kan gaɓa.

Na ga inda wannan ya ci kuɗin mutum. Wani bawan Allah ya shigo ofishina da takardar tikiti biyu a hannu, na rangwame, irin wanda ba a mayar da kuɗinsa. Saura kwana goma sha biyu su tashi, shi da amaryarsa, bai ko fara neman biza ba, don an ce masa a can ake yi. Muka cike a ranar, muka yi ta leƙa shafin safe da yamma, ba ta fito ba sai bayan jirgin ya tashi da makonni. Abin da ya biya na canjin rana ya kusa sayen rabin wani tikitin. Tun daga nan duk wanda ya ce mini Zanzibar, fasfonsa nake fara cewa ya miƙo.

Fasfo kuwa sai ya rage masa aƙalla wata shida daga ranar da za ku shiga, da shafukan da ba a buga komai a kai ba. Naka na Umara ka buɗe shi yau ka duba ranar ƙarewarsa. Na maiɗakinka ne ya fi damuna, tunda sabo za a yi. Hukumar shige da fice ba ta yin fasfo sai da lambar NIN, kuma sai suna da ranar haihuwa sun zo daidai a duka biyun. Matanmu da yawa suna da sunan uba a wata takarda, sunan miji a wata. A nan Hauwa'u, a can Hauwa. Gyaran harafi ɗaya yana iya cinye makonni. Ku zaɓi rubutu guda, shi zai hau fasfo da biza da tikiti. Ka kuma riƙe takardar shaidar aure, ko ta kotu ko ta ƙaramar hukuma, ba ta da nauyi a jaka.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda mutane ke kira yalo-kat. Najeriya na cikin ƙasashen da ake samun wannan cuta, don haka Tanzaniya tana da ikon tambayarku shi a bakin ƙofa, kuma tana tambaya. Allurar ba ta fara ƙirguwa sai bayan kwana goma, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayarwa, suna da ofis a filin jirgin Malam Aminu Kano. Katin yanzu yana da lambar da ake dubawa da na'ura. Za ka haɗu da masu cewa su kawo maka kati ba sai an tsira maka allura ba; ka rabu da su, don jikinka ka cuta kafin ka cuci kowa. In kuwa maiɗakinka tana da juna biyu ko tana shayar da jariri, kada ta karɓa sai likita ya ce. Wannan hurumin likita ne, ni ba zan yanke muku ba.

Akwai sabon abu da waɗanda suka je da daɗewa ba za su faɗa maka ba. Daga 1 ga Oktoba, 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa duk baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 a kan kowane babba, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar daga gida, sai ka sayi tasu. Ta intanet ake biya, a turo maka takarda mai lamba, ka buga ta ka haɗa da fasfo.

Me ya hana Afrilu

Zanzibar tana kudu kaɗan da layin da ya raba duniya biyu, lokutanta ba su bi namu ba. Damina biyu gare su. Babbar, wadda suke kira masika, tana kamawa daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, Afrilu kuwa shi ne cibiyarta. Ba irin ruwanmu ba ne da zai zuba awa biyu gari ya washe. Yana iya wuni yana kwana, teku ta yi duhu, masu kwalekwale su ɗaure jiragensu, wasu otal-otal na bakin ruwa su rufe don gyara. Farashi yakan faɗi ƙwarai a lokacin, shi ya sa za ka ga tayi mai jan hankali. Amma wanda ya tara kuɗin shekara uku don matarsa ta ga shuɗin ruwa, bai kamata ta gan shi ta tagar ɗaki ba. Ƙaramar daminar, vuli, tana zuwa wajen Nuwamba zuwa Disamba, ita da sauƙi.

Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake, da ɗan sanyi-sanyi. Yuli da Agusta Turawa ke hutu, komai ya yi tsada, ga iskar kudu da ke tayar da igiyar ruwa. Ƙarshen Disamba ma haka tsadar take. Ni da za a bi tawa, Satumba ko farkon Oktoba: mutane sun ragu, ruwa ya fara kwanciya, kai ma ka samu wata bakwai na shiri cikin natsuwa. Janairu da Fabrairu ma suna da kyau ga mai jure zafi. Ka kuma duba kalandar Musulunci. Mutanen tsibirin kusan duk Musulmi ne, da azumi gidajen abinci na cikin gari a rufe suke wuni.

In hutun ya ƙi ɗaguwa ko ta yaya, to gara ka canza tsibirin. Maldibs tana ba baƙi bizar kwana 30 a filin jirgi, ƙasar Musulmi ce, kuma Afrilu ƙarshen raninta ne, sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba, su ma za su nemi katin shawara. Seshels kuwa ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya a 2023, ba na tura kowa can sai ya tabbatar da izini a hannu.

Hanya da guzuri

Daga Daura, Kano ce tashar ku. Ethiopian Airlines na tashi daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can a canza jirgi zuwa Zanzibar, ita ce hanyar da na fi ɗora mutanenmu a kai don ba sai an gangara Legas ba. Ku kwana a Kano tun jajibiri, kada ku dogara da fitowar asuba ta Kazaure. Addis tana kan tsauni, sama da mita 2,300, dare yana da sanyi, don haka ku sa rigar sanyi a jakar hannu ko da tsibiri mai zafi za ku. Agogonsu duka, Habasha da Tanzaniya, yana gaban namu da awa biyu. Kuɗin tikiti ba zan faɗa maka adadi ba, don yana bin dala yana canzawa kullum. Abin da zan ce, ka biya ɗan ƙari ka ɗauki wanda ake iya canza wa rana.

Wasu kan sauka Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, su hau jirgin ruwa zuwa tsibirin, tafiyar kamar awa biyu. Yana da daɗi in teku a kwance take, amma ga wadda ba ta taɓa hawa ruwa ba, amai da jiri na iya cinye mata ranar farko. In za ku hau, ku sayi tikiti a tagar kamfanin da kansa, ku hau manyan masu gudu. Mutanen can ba su manta da jiragen da suka nitse a 2011 da 2012 ba, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka.

Kuɗinsu shilin ne, takarda mafi girma ita ce ta 10,000, don haka in ka canza dala ɗari za a miƙo maka damin da zai cika aljihu. Ka tafi da dala, amma in ka je Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, ka tsaya ka duba kowace takarda: bugun da ya gabaci 2009 ana yawan ƙin karɓarsa, haka wadda ta yage ko aka yi wa rubutu. Ka canza a cikin gari, don a ƙauyukan bakin teku na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa, canjin ma ba daɗi. Katin naira kada ya zama madogararka. Ka ware abin da ba za a taɓa ba, wanda zai ishe ku kwana biyu na masauki da abinci in jirgi ya ɓata lokaci, ka raba shi gida biyu, rabi a wurinka rabi a wurinta. Otal-otal kuma suna karɓar harajin gwamnati a kan kowane mutum kowane dare, ka tambaya tun kafin ka biya ko yana cikin farashin.

A nan ne tafiyar ta bambanta da Umarar da ka sani. A Makka in guzuri ya ƙare ko fasfo ya ɓata, ga ejan, ga jami'an alhazai, ga Bahaushe a kowace kwana. A tsibiri kai ne ejan kanka. Ka buga komai a takarda, biza, inshora, shaidar masauki, tikitin dawowa, kwafi biyu-biyu, ka kuma bar hotunansu a wayar wani ɗan'uwa a gida. Jami'anmu na Kano ma za su tambaye ka tikitin dawowa da inda za ka sauka kafin su bar ka ka wuce.

Kayan jaka kuwa, ku rage. Zafin can ba irin na Daura ba ne mai busar da gumi; iska a jiƙe take, shadda mai sitaci da leshi mai nauyi azaba za su zama. Yadi mara nauyi na auduga, hijabi mai shan iska, hula ko malafa, silifas, da takalmin roba mai rufe ƙafa na shiga ruwa. Soket ɗinsu mai baki uku ne kamar namu. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yunin 2019, ku nemi jakar yadi. Kilishi da dambun nama ana iya ƙwace su a kwastan. Yaji da kuka in sai an tafi da su, a sa a roba mai haske a rubuta suna, don gari a ƙulle a leda yana jawo tambayoyi tun daga jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Magani a bar shi a kwalinsa da takardar likita, musamman masu kashe zafin ciwo masu ƙarfi. Kuma kowa ya kawo muku saƙo a filin jirgi, ko ɗan unguwarku ne, ku ba shi haƙuri.

Sauro yana can. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a tsibirin, amma bai ƙare ba, ga kuma zazzaɓin dengi da sauron rana ke kawowa. Ku riƙe man shafawa na korar sauro, ku kwana a gidan sauro, ku sha ruwan roba. Batun shan maganin rigakafi, ku tambayi likitanku kafin tafiya.

Teku ba dam ba ce

Wannan ne abin da na fi son ka karanta wa maiɗakinka. Mu ruwan da muka sani, Sabke ko Jibiya ko Zobe, inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kusan awa shida-shida, kuma wata ne ke jan ta. Ta fi yin nisa da dawowa da ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lissafin da kowane Bahaushe ya iya.

A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, na fito da hantsi na tarar ruwan da ya kwana yana dukan katangar masauki ya koma can nesa, sai farin yashi da ƴan tafkuna. Mata sun fito da zannuwansu na kanga, sun zauna a ruwa iya ƙugu tsakanin turaku da igiyoyi, suna ɗaure ciyawar teku da suke nomawa, kamar yadda namu ke tsugunne a fadama. Abin sha'awa ne ƙwarai, mutum sai ya yi ta tafiya yana tsintar kwanson kifi bai san ya yi nisa ba. Haɗarin ke nan. In ruwan ya juyo, ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba, yana cike kwaruruwan da ke bayanka tukuna. Kowane otal yana da jadawalin cikar ruwa, ku duba kafin ku taka. In kun ga matan nan sun fara ɗora buhunansu a ka, ku ma ku juyo. A cikin duwatsun kuma akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya, ita ce dalilin takalmin roba.

Wanda yake son ruwa a kusa da shi kowane lokaci, arewa zai nufa, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga gari. Sai dai can ne cunkoson Turawa da kiɗa da shigar da ba za ku so gani ba. Ka rubuta wa otal ka tambaye su kai tsaye: akwai mashaya kusa da ɗakuna? Ana dafa naman alade a kicin ɗinsu? Akwai ɓangaren da mace za ta shiga ruwa ba idon jama'a? Ƙananan masaukai na ƴan gari sukan fi dacewa da mu. In ba ku iya iyo ba, iya gwiwa ya isa, kuma doguwar riga da hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi su ja mutum. Duk kwalekwalen da za ku hau, zuwa tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru ko yawon faɗuwar rana, ku sa rigar ceto tun yana bakin gaɓa. Wanda ya ce babu, ku sauka.

Cikin gari

Kada ku ƙare kwanakinku duka a bakin ruwa. A mako guda, ni nakan ba tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, kwana biyu ko uku a farko. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, yara na dawowa daga makarantar allo irin tasu. Sarakunan Oman ne suka mayar da shi fadarsu a ƙarni na 19, arzikinsa kuma kanumfari ne da hauren giwa da bayi. Inda kasuwar bayin take, wadda aka rufe a 1873, coci ne a wurin yanzu, ana shiga a ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Wuri ne mai nauyi a zuciya, amma ya cancanci a je. Ku je gonar kayan ƙamshi ma, maiɗakinka ta ga kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi a jikin bishiyarsu. Da dare ana gasa kifi a dandalin Forodhani. Ku zaɓi wanda aka ɗora a wuta a gabanku, ku yi ciniki kafin a gasa.

Ciniki ba zai ba ka wuya ba, don Suwahili ya sha Larabci kamar Hausa. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, ka ji su ka gane. Asubuhi safiya ce, habari labari ne. Sai dai ka kula da agogonsu: daga fitowar rana suke fara ƙirga, saboda haka in direba ya ce zai zo saa moja, wato ƙarfe ɗaya, bakwai na safe yake nufi. Ka nuna masa a fuskar waya ku daidaita. Motoci ta hagu suke bi, in za ku tsallaka titi dama za ku fara dubawa.

Sallah kuma, ka cire "gabas" daga ranka. Makka tana kusan saitin arewa da Zanzibar, alƙiblarsu arewa take kallo. Na taɓa shiga ɗakin wani dattijo da muka je tare, na tarar ya shimfiɗa darduma yana fuskantar inda rana ta fito, kamar yadda ya saba shekara sittin. Muka juya ta tare bayan mun tambayi mai masaukin. Yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa, za ka ga ƙananan bambance-bambance a masallaci, kamar bayyana bisimilla da ƙunutin asuba bayan ruku'u. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a jirgi, ka zauna da malaminku a Daura kafin ku tashi.

Abin da za ka yi a makon nan shi ne ka duba fasfonka, ka kai maiɗakinka a tabbatar da sunanta a NIN a fara nata, ka kuma rubuta wa ofishinku takardar neman mayar da hutun Satumba. In fasfon ya fito ku yi allura, a cike biza, a kama masaukin da ake iya sokewa ba asara. Ranar da amsar biza ta shigo, a ranar za mu nemi tikiti.